Ƙwan Zabi a Injin Saje

Ban taɓa yarda da mutumin da yake rubutu yana karkatar da abin rubutunsa don kada a gani ba. Saje Philemon kuwa haka yake yi.

Tsohon soja ne, da ya yi ritaya ya dawo Rikoto ya buɗe shagon gyaran rediyo. Shi ya haɗa mini injin ƙyanƙyasar ƙwai a daminar 2006: akwatin katako, batirin mota, faifan hasken rana a kan rufi, da wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso da ya manna a bayan akwatin. Ya ce wannan ne ƙwaƙwalwar injin, shi ke lura da zafi, shi ke juya ƙwai, amma sai an faɗa masa abin da zai yi. Ana faɗa masa ne da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, wadda Saje ke yawo da ita a aljihun gaba.

Aiki kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Damuwata matarsa ce, Monica. Na fara tuyar ƙosai a bakin tasha, mako biyu sai ga kaskonta kusa da nawa. Na koma saƙar huluna, ta sayo zare. Wannan karon na je har Danko na tattaro ƙwan zabi ɗari da tamanin, duk abin da dawata ta bara ta ba ni na zuba a ciki. Babu mai ƙyanƙyasar zabi da inji a unguwarmu, kuma na rantse Monica ba za ta ji ba sai ta ga 'ya'yan suna yawo. Na ɓoye ƙwan a ƙarƙashin gado cikin dusa.

Ranar saita injin ya zo da hantsi. Ya zaro wata siririyar waya, ya soka baki ɗaya a gindin kwamfutar, ɗayan a bayan akwatin. Wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa. Ya ciro ɗan tsinke yana tsokanar fuskar kwamfutar, ya karkatar da ita wajen ƙirjinsa. Wai hasken rana ne ke hana shi gani. Na ce a raina, to, mun ji.

"Maman Talatu, ƙwan mi za ki sa ciki?"

"Ƙwai dai, Saje."

"Na sani. Na kaza ko na agwagwa ko na mi? Wanga abu sai an gaya mishi."

Na dubi wayar nan. Abin da ke shiga ta waya ai yana iya fita ta waya. Na hango shi da yamma ya miƙe ƙafa, Monica na leƙen kwamfutar ta bayan kafaɗarsa.

"Na kaza," na ce.

"Kin tabbata? Bari in gan su."

"Ba su iso ba tukuna."

Ya tsokani abin sau uku, fitilar ta tsaya da ƙiftawa, ya naɗe wayarsa. Ya fara wani bayani a kan kwanaki da batir, ni kuwa hankalina na kan ƙofa, so nake ya fita in kwaso ƙwaina. Ina jin dai na ce masa to.

Kwana goma sha takwas injin na aiki lafiya. Na haska ƙwan da tocila, na ga jijiyoyi ja, na ga motsi, har na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Rana ta sha tara tiren da ƙwan ke kai ya daina juyawa. A ranar kuma Monica ta gaishe ni a coci da fara'ar da ta yi yawa, har da tambayar yaya kaji. Na ce shi ke nan, sun gane, ya ɗaure mini inji daga gidansa. Ban kira shi ba. In kira shi ya buɗe akwati ya gani? Na riƙa juya ƙwan da hannuna safe da yamma, ina jin daɗin na fi su wayo.

Rana ta ashirin da uku muka tafi taron zumuntar mata a Dabai, muka kwana biyu, ana ta ruwa. Na dawo na sa hannu a akwatin, na ji shi sanyi ƙalau. Ƙwan ma haka.

Ko ɗankwali ban gyara ba na isa shagonsa. Abin da na faɗa masa a gaban mutane ba zan maimaita ba, don ina jin kunyarsa har yau. Ya ɗauki kwamfutar ya biyo ni. Ya soka wayar, wannan karon ya juyo mini da fuskar abin sosai.

"Ga shi, lafiyarshi lau. Kaza kwana ashirin da ɗaya ce. Bayan sha takwas shi bar juyi, ashirin da uku shi kashe zafi don batir shi huta. Na gaya miki ranar."

"Ƙarya ne. Dubi abin da ka kashe mini."

Na ɗauki ƙwai ɗaya na fasa a bakin akwatin. Ɗan tsako ya faɗo a tafina, cikakke, da gashinsa a jiƙe da zane-zane a ka, ƙafafunsa a naɗe. Saje ya dube shi, ya dubi sauran ƙwan masu tsini da ke jere a tire.

"Maman Talatu, wanga ai zabo ne."

Ya tsokani kwamfutar sau ɗaya. Layin zabi da ke ƙarƙashin na kaza ya fito, da lamba ashirin da takwas a gefensa.

"Da nan zan taɓa," ya ce a hankali. "Saura kwana ukku su fito."

Ya tambaye ni ko akwai fartanya a gidan. Shi ya haƙa ramin a bayan ɗaki, ni na riƙa miƙo masa ƙwan.