Sabin da Aka Kai Ruga

A gidanmu akwai Woru, akwai ni Bio, babu Sabi. Duk ɗan Borgu ya san ba a tsallake suna: ɗan fari Woru, mai bi masa Sabi, na uku Bio. Tun muna yara aka ce mana Sabi ya mutu yana goye, mu kuma ba mu ƙara tambaya ba.

Sai bana, da yanar ido ta rufe wa Inna gani har ba ta rabe mutum da kututture, ta kira ni tana ɓarar gyaɗa ta ce Sabi bai mutu ba. Haƙoransa na sama ne suka riga na ƙasa fitowa. A wancan zamanin an ce irin wannan yaro mutuwa yake ɗauke da ita, in ya girma cikin danginsa sai ya ƙarar da su. Kakarmu ta kwance shi daga bayan Inna ta kai wa Fulanin da ke kiwo a gefen Kalale, don su abin ba ya kama su. Inna ta ce ba wani abu take nema ba, so take ta ji muryarsa in yana raye.

Da na gaya wa Woru, sai ya ja ni bayan rumbu yana waige-waige kamar yaron na laɓe yana jinmu. Ya ce sauraron rediyo ya lalata mini kai. Ya tuna mini ina da 'ya'ya ƙanana.

"In ka shigo da shi gidan nan, Bio, kai za ka haƙa kabarin, ba ni ba."

Na ce masa ban yarda haƙori yana kashe mutum ba. Haka nake faɗa ko'ina. Amma ranar da na kama hanyar Kalale, tafin hannuna gumi yake yi har kan babur yana zame mini.

Tambaya ta kai ni wata ruga, wajen wata tsohuwa Kumbo tana matse cuku a ɗan kwando. Da ta ji daga inda nake, hannunta ya tsaya. Ta rantse ba a taɓa kawo musu yaro ba. Na gane tsoro take ji kada in zo in raba shi da ransa, abin da kakarmu ba ta yi ba. Ina cikin lallashinta shanu suka dawo daga shan ruwa, na ga babanmu yana tafe a bayansu da sanda a kafaɗa. Babanmu da muka binne tuntuni. Tafiyar, wuyan, har yadda yake karkatar da kai. Ba sai an gaya mini Sabi ne ba.

Dembo suke kiransa. Ya tsaya can nesa, na yi masa sallama da guntun Fulatancina, ya amsa mini da harshenmu. Bai tambayi ko ni wane ne ba. Ashe Kumbo ta gaya masa komai tun da ya isa aure, don kada ya je ya nemi 'yar'uwarsa bai sani ba. Ya san Inna sarai. Ya ce ita ce mai sayar da man kaɗe gindin ceɗiya a kasuwar Nikki, kuma tun da ya gane ta bai sake bi ta wannan layin ba, ko da kuwa nan ne hanya.

Na ce masa tana son jin muryarsa. Ya girgiza kai. Ya ce shekarar fari ciyawa ta ja shi har bakin rafin ƙauyenmu, bai yi nufi ba, kuma kafin ya ɗaga shanunsa ya ji ana kukan mutuwar babanmu. Na ce masa ciwon hanta ne, tsohon ya daɗe a kwance kafin nan. Ya ji, bai musa ba, bai kuma yarda ba. Sai ya yi taku ɗaya wajena, ni kuwa ban san lokacin da na ja baya ba.

"Ka gani, ƙanena?" in ji shi, da ɗan murmushi. "Kai ma jikinka ya sani."

Kunya ce ta sa na nace. Na ce abin da aka hana shi gida ne, kasuwa kuwa ba gidan kowa ba ce. Da ƙyar ya yarda zai zo, da sharaɗin daga nesa zai gaishe ta ya wuce, ba taɓawa, ba zama.

Ranar kasuwa na kai Inna gindin ceɗiyarta, ban gaya wa Woru ba. Na faɗa mata sharaɗin, ta ce ta ji. Da hantsi sai ga shi ya tsaya bayan buhunan doyar wani, fuskarsa sharkaf da gumi. Sai ya ce mata sannu da kasuwa, irin gaisuwar da kowa ke yi wa kowa.

Matar da sai an riƙe mata hannu take zuwa bayan gida ta miƙe ta bi muryar nan kai tsaye, ta ture kwanon man kaɗe ba ta ko juya ba. Ya so ya gudu, amma masu amalanke sun toshe bayansa. Ta laluba iska, ta kama wuyan hannunsa. Ƙaton makiyayi ya juyo yana kallona in zo in raba su. Ban je ba.

"Inna, sake ni," in ji shi. "Don Allah sake ni, kada wani abu ya same ki."

"Na sake ka sau ɗaya, Sabi. Tsaya."

Ya tsaya. Ta tambaye shi ko yana ƙoshi, ko matarsa tana da kirki, ta yi masa faɗa don ta ji hannunsa duk ƙashi. Shi kuwa idonsa na kan ƙirjinta, yana duban ko numfashinta ya canza. Da ta sake shi bai yi sallama ba, ya kutsa cikin mutane.

A hanyar gida na tuƙa babur a hankali har masu keke suna wuce mu. Kowane rami sai na ga a nan za mu faɗi, kowace mota sai na sauka gefe. Da Inna ta yi tari don ƙura, sai da na taka birki na juya na dube ta. Ta dungure mini ƙeya ta ce in daina tafiyar masu kai amarya, rana na dukanta. Muna shiga gari ta matso kusa da kunnena, ta ce kasuwa mai zuwa in zo da wuri, za ta dafa masa sakwara ta tafi da ita.