Tela da Katunansa Shida

Akwai ciwon da ya fi kwaɗayi muni: mutum ya ɗauki mai ce masa "bari" a matsayin mahassadi. Wannan ciwo shi ya kama Tela.

Shekara ashirin yana taka keken ɗinki kafin ya sayar da kekunansa uku, ya sayi katunan hoto na kwamfuta guda shida, irin waɗanda ake haƙar kuɗin intanet na kirifto da su. Ƙanensa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya jera su a kan kantar ƙarfe a tsohon ɗakin ɗinkin. Kwana tara yana saiti. Sai ya rage wa kati wutar da yake sha, ya ƙara masa gudu kaɗan, ya bar shi yini da kwana ya ga ko zai jure. In ya jure, ya rubuta lambobinsa a ƴar takarda ya manna a jikinsa.

"Ba kamfani ɗaya ya yi su ba?" in ji Tela. "Ka ba su lamba ɗaya mu huta mana."

"Yaya, ni da kai ma ai ciki ɗaya muka fito, amma kai allura ka iya, ni ko maɓalli ban iya ɗinkewa ba. Na ƙarshen nan rago ne, a hankali ake bi da shi. Na kuma sa musu mai gadi: in zafi ya wuce kima, injin zai kashe kansa. Kada ka taɓa shi."

Injiniya ya tafi, Tela ya zauna da katunansa. Ɗakin da a da mata ke cika shi da gardamar wuyan riga, yanzu ba mai leƙowa. Fankokin katunan ne kawai ke huci. Yakan wuni a kan kujerar da ya yi shekaru yana ɗinki, ƙafarsa na motsi a ƙasa tana neman abin takawa. Matarsa kan ajiye kwano a bakin ƙofa ta juya, don zafin ɗakin na sa ta ciwon kai. Har ya fara yi wa katunan magana, ya fi yi wa ragon faɗa.

Wata rana ya ga bidiyon wani mutum a waya, katinsa iri ɗaya da nasa, amma lambar gudunsa ta fi. Nan take ya kira ƙanensa.

"Ashe da gangan ka ɗaure min ƙafa?"

"Ni, Yaya? Wancan minti biyar ya nuna maka. Ka tambaye shi bayan wata guda."

"Na gane. Ba ka so a ce tela ya fi injiniya."

 Ƙanen ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Yaya," ya kashe wayar.

Tela ya ɓamɓare takardun shida ya watsar a ƙasa. Ya ba katunan duka lambar mai bidiyo, har da ragon. Babbar lambar gudu da ke allon kwamfuta ta tashi, ya yi dariya shi kaɗai. A ƙarƙashinta akwai wata ƴar ja, ita ma tana hawa. Ita ce ke nuna aikin da aka ƙi karɓa, ɗinkin da mai kaya ya dawo da shi ke nan. Bai kula ta ba.

Sau uku injin ya kashe kansa a yini ɗaya. A na huɗu ya nemo mai gadin ya cire.

Matarsa ta tsaya a ƙofa tana fifita da gefen mayafi. "Baban yara, ɗakin nan ko ƙwai aka ajiye zai dahu. Ka kira ƙanenka."

"Ke ma ya saye ki?"

Ta juya ta tafi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Rana ta goma sha ɗaya da canza lambobin, da tsakar rana, wari ya tashi kamar an manta dutsen guga a kan yadi. Ragon ne ya fara tsayawa. Allo ya yi zane-zane, ya ɗauke. Fankoki suka lafa ɗaya bayan ɗaya, har Tela ya ji ƙarar agogon bango, wanda ya manta yana ɗakin.

Ya durƙusa yana laluben takardun a ƙarƙashin kanta. Tsintsiya ta riga shi tun makon jiya. Ya ɗauki waya, ya daɗe yana kallon lambar ƙanensa, ya mayar aljihu. Bakin da ya yi zargi nauyi gare shi wajen roƙo.

Ya kwashi katunan ya kai wa wani mai gyara can bakin titi. Mutumin ya shinshina katunan, ya gwada, ya ture huɗu gefe guda. "Waɗannan sai dai a yi musu addu'a, Malam. Wa ya yi maka saiti?"

Tela ya tattara katunansa ya fita.

To ga lissafinsa. Kekuna uku sun tafi. Kati huɗu sun ƙone, biyun da suka rage suna aiki suna tsayawa. Takardu shida na aikin kwana tara suna juji. Masu kawo ɗinki sun koma wajen wani. Ƙane ɗaya gare shi a duniya, yanzu sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakin matar Tela.