Abin da Hammadu Ya Yanka

Hammadu wanzami ya san ba beli ba ne, kuma ya yanka. Laifinsa ke nan, kada wani ya ce kuskure ne.

Usmanu manomin shinkafa ne a Argungu. Tun bayan girbi gefe ɗaya na maƙogwaronsa ya kumbura daga ciki, ba zafi, sai dai tuwo ba ya wucewa. Kaluluwa ta fito masa a wuya. Ya rame, zufa tana jiƙa masa shimfiɗa ko ana sanyi. Matarsa Laure ta matsa har suka je asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya haska bakin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana zargin ciwon daji ne, irin mai kama tsokar gefen maƙogwaro da kaluluwa. Za a ɗebi ɗan kaɗan a gwada, kuma in an fara magani da wuri ana samun sauƙi. Ya ja kunne kada kowa ya taɓa wurin.

Kalmar daji ita ta hana Usmanu sukuni. Da suka dawo sai ya faɗa wa Hammadu, wanda shi ya cire masa beli ran suna. Hammadu ya yi dariya a gaban mutanen da ke jiran aski.

"Su ɗebi kaɗan su bar maka sauran? Beli na, ya sake tsirowa. Taho in raba ka da shi gaba ɗai."

Laure ta ji labari, ta biyo Usmanu da gudu, mayafi a hannu. Ta iske an zaunar da shi a tabarma, wani ƙato ya riƙe masa kai.

"Baba Hammadu, don Allah ka bari. Likita ya ce kar a taɓa."

"Ke ɗiyar ga, likitan ko haihuwatai ba a yi ba sadda nike wanga aiki."

Mutane suka yi dariya. Hammadu ya danne harshen Usmanu da ɗan itace, ya sa yatsa ya taɓa. Laure tana kallon fuskarsa, ta ga dariyar ta ɗauke. Abin da ya taɓa mai tauri ne kamar ɗanyen dankali, kuma ba inda beli yake ba. Ya cire yatsan, ya dubi mutanen da suka ji cika bakinsa. Sannan ya ɗauki aska.

Jinin beli ɗan kaɗan ne, a tofar a tashi. Wannan bai tsaya ba. Ya cika bakin Usmanu, ya biyo ta hanci, yana so ya yi numfashi yana shaƙar jini. Hammadu ya tura garin magani, jinin ya wanko shi.

"Baban Mansura, dube ni! Dube ni!" in ji Laure, tana kiran mijinta.

Idonsa na kanta har aka sa shi a mota. Bai kai ƙofar asibiti da rai ba.

A gaban alƙali Laure ta faɗi abin da ta gani a fuskar Hammadu, ƙaton da ya riƙe kan Usmanu shi ma ya ba da shaida. Sarkin Aska ya karɓe zabirar Hammadu. Kotu ta ɗaure shi, yana gidan yari har yau.