Rabon Kwamfutar Malam Munzali

Da Malam Munzali ya rasu a Birnin Kebbi, shekara tara bayan an ba mu jiha, rabon gadonsa bai ci yini guda ba. 'Ya'ya biyu ya bari, Baiwa da ƙanenta Sirajo, uwarsu kuma ta riga shi tafiya. Ƙanen marigayin, Baffa Maigandi, ya auna gonar da ke garin Zauro da igiya, ya raba tumaki da littattafai, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Sai aka zo kan kwamfuta.

Wani tsohon ɗalibin Malam ne ya kawo masa ita lokacin da idonsa ya fara ja da baya, aka sa mata tsarin Larabci mai rubutu daga dama zuwa hagu. Shekara biyu cur, in Baiwa ta taso daga makarantar da take koyarwa, gaban kwamfutar take zama, Malam yana faɗa tana bugawa. Bayanin littattafan da ya karantar shekara arba'in ne, bai taɓa sa shi a takarda ba, ya kuma hana a fitar sai ya gama. Bai gama ba. Abin da ya faɗa yana cikin akwatin nan, ba ya ko'ina sai nan.

Shi kuwa Sirajo, mai kula da injin casar shinkafa, wani faifan wasan tseren mota ya sayo a Kaduna tun bara. Ya sa shi, kwamfutar ta ƙi. Ya hura masa iska, ya goge shi da hularsa, ta ƙi. Daga baya aka gaya masa wasan ba ya shiri da tsarin Larabci, amma ana iya raba cikin kwamfuta gida biyu, kowane tsari da ɗakinsa, in an kunna ta tambaye ka wanne za ka shiga.

Baffa bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma da ya ji abu yana rabuwa sai hankalinsa ya kwanta. Baiwa ta ce a bar mata ita yadda take, Sirajo ya ɗauki tumakinta duka. Sirajo ya ce shi ba tumaki ya rasa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma gaban Baffa ne, ta haɗiye.

Ranar Asabar suka shiga mota zuwa Argungu wurin Hodi, mai gyaran da ya sa tsarin Larabcin tun farko. Baffa ne ya rungumi kwamfutar a cinyarsa cikin bargo, don a cewarsa dukiyar marayu ce. Marayun kuwa ɗaya ta haura talatin, ɗayan har ya fara sanƙo.

Hodi ya yi musu bayani cewa kafin a raba sai an share komai, don haka zai fara kwashe rubutun. Ya kwashe a disket uku, 'yan faya-fayen nan masu kama da biskit, ya miƙa wa Baiwa. Ta juya su a hannunta, ta tambaya ko ke nan. Ya ce ke nan, na ukun ma bai cika ba. Wasan kuwa, in da a disket za a zuba shi, sai an nemo ɗari huɗu. Baffa ya tambayi me ke ciki haka. Hodi ya ce tituna ne da itatuwa.

Aka share. Baffa ya sa tabarau ya tsaya a kan Hodi har ya ga lambobin da idonsa, biyu bisa uku nan, ɗaya bisa uku nan. Aka zuba tsarin Turanci a ɓangaren Sirajo, aka ɗora wasan, wata jar mota ta fito tana gurnani. Sannan aka juya ɓangaren Baiwa. Tsarin Larabci ya shiga har ya kusa ƙarewa, sai ya tsaya, wai wuri bai isa ba.

Hodi ya sosa ƙeya, ya ce laifinsa ne da bai auna ba tun farko. Mafita ɗaya ce, a matsa iyakar a ƙara mata wuri. Sai dai in an matsa yadda zai ishe ta, wasan ba zai zauna ba.

"Iyakar gado ba a tura ta," in ji Baffa. "Sai in mai wuri ya bayas da bakinai."

Duk suka dubi Sirajo. Sirajo ya ɗaga kai yana duban fankar shagon, kamar shi aka kira ya gyara ta.

Haka suka dawo gida, Baiwa da kasonta cif, babu komai a ciki. Mako guda ƙarar mota tana fitowa daga ɗakin da Malam yake karantarwa. In an kunna kwamfutar takan tambaya ɗaki na ɗaya ko na biyu, ba wanda ya taɓa zaɓar na biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baiwa ta shigo da disket ɗaya, ta ce wa Sirajo ya ara mata ɗakinsa na cikin kwamfutar kaɗan. Ya tsayar da motarsa a gefen titi, ya ba ta kujera. Hodi ya riga ya gaya mata rubutun yana nan lafiya amma tsarin Turanci ba zai iya nuna shi ba. Ta sani, so take ta gani da idonta.

Shafin ya buɗe. Alamomin tambaya ne da 'yan akwatuna, layi bayan layi, har ƙasa.

Ta ɗora yatsa a gefen dama na gilashin, ta fara karantawa da ka, tana jan yatsan zuwa hagu. Da Bismillah ta fara, ta bi da godiyar Malam ga malamansa, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da inda yakan tsaya ya yi gyaran murya. Sirajo yana tsaye a bayanta da hannu cikin aljihu. Ta wuce shafi na farko, ta wuce na biyu. A tsakiyar na uku yatsanta ya tsaya. Ta koma farkon layin ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa a wurin.

"Sirajo, mi yac ce nan? Bayan babin ruwa."

"Ban sani ba, Yaya."

"Kana gida ranan. Kai kak kawo mishi shayi."

"Ban zamna ba."

Ta ce to. Ba ta yi kuka ba, ta dai bar yatsanta a kan alamar tambayar, tana motsa leɓe ko zai dawo mata. Bai dawo ba. Sirajo ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya zagaya bayan teburin ya durƙusa, ya fara zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa. Ya tambaye ta ko ta san ƙarfe nawa Hodi yake buɗe shago ranar Asabar. Ta ce takwas. Ya ce to ta miƙo masa bargon.