Farce Uku a Gindin Tulu

Ƙanena Saleh maginin tukwane ne a wata warsha, wato ɗakin aikin masu sana'a, a unguwar Khumra. Hannun mahaifiyarmu ya gada, har da alamarta: duk abin da ya gina, kafin yumɓun ya bushe sai ya danna farcen babban yatsa sau uku a gindinsa. Yatsan ne ke yi, shi bai ma sani ba. A unguwarmu Mahjar kowa ya san farcen nan, don da wuya ka shiga gida ba ka ga kaskon turarensa ba.

Auren 'yarsa Dalal da Muath ya gabato, yara suna son juna kamar me, sai iƙamar Saleh, takardarsa ta izinin zama a ƙasar nan, ta ƙare. Mai ɗaura aure kuwa ba ya karɓar waliyyi da matacciyar iƙama. A nan kafilinsa Abu Nawaf, ubangidan da iƙamar ke hannunsa, Allah ya isa, ya samu wuyansa. Ya nuna masa hotuna a waya: tulunan wasu mutanen da can na ƙasar Peru, wai Moche, waɗanda aka tono a kaburburansu. Jan yumɓu, mariƙi lanƙwasasshe, a jiki kuma mace da namiji tsirara suna abin da ma'aurata ke rufe ƙofa su yi. Wai wani a ƙasar waje yana son irinsu, ginin hannu.

"Ya Abu Nawaf, wannan fa haram ne," in ji Saleh.

"Tarihi ne, ya shekh. Ka gama in sabunta maka iƙama. Halas, shi ke nan."

Ni kaɗai Saleh ya gaya wa. Ya ce, "Yaya Kulu, in na ƙi, wa zai ba da auren Dalal?" Ya gina su yana istigfari, kuma abin takaici sun yi kyau, don hannun Saleh bai iya aikin banza ba.

Ashe siton da aka kai kwalayen tulunan, a nan Ammi Sa'ud, baban Muath, yake lodi. Kwali ɗaya ya suɓuce, ya fashe a gaban leburori, suka yi ta shewa. Shi bai yi dariya ba. Ya tsinci gindin tulu ɗaya ya sa a aljihu.

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo gidanmu. Na zuba masa gahawa, ya bar ta tana hucewa. Ya fito da kaskon turaren da Saleh ya ba shi ran neman aure, ya kife shi a tabarma, ya ajiye tsingaron kusa da shi. Farce uku nan, farce uku can.

"Ya Abu Dalal, ka ce min ba hannunka ba ne, in yarda."

Saleh ya yi ta kallon yatsansa.

Ammi Sa'ud ya tashi, ya bar kaskon a kife. Ina jin Dalal a bayan labule, numfashinta kawai, ko kuka ta kasa. Wallahi gara a ce mutuwa aka yi mana, a zo a yi mana ta'aziyya.

Ran Lahadi iƙama ta fito, sabuwa fil, amma babu auren da za a ɗaura da ita. Abu Nawaf ya ce mai saye ya yaba, yana son ƙari, yalla, maza-maza. Saleh ya koma warsha, ina kuma za shi? Ya rantse min wannan karon ba zai sa alama ba.

Jiya na kai masa abinci, na juya tulu ɗaya da ke shanya. Farcen na nan, uku.