Hannun Daman Abarshi

Tun ranar da harsashin 'yan bindiga ya ratsa damtsen Abarshi a gonarsa ta Kakangi, hannunsa na dama ya koma kamar tsumma. Likitocin Zariya suka dasa masa wasu siraran wayoyi a jikin jijiyar da ta lalace, suka ɗaura masa 'yar na'ura mai naɗar duk saƙon lantarkin da ya bi ta jijiyar. Suka ce in damina ta wuce jijiyar ba ta ce uffan ba, za a cire wayoyin a haƙura da hannun.

A gabansu kuwa, in an ce ya dunƙule hannu, sai ya yi ta yunƙuri har gumi ya karyo masa, allon kwamfuta shiru. Da kaka ta yi ya koma asibiti tare da matarsa Ladi, ya riga ya fid da rai.

Likita Susan ta daɗe tana duba abin da na'urar ta tara. Ta ce jijiyar nan barci take yini guda, amma kullum da yamma sai ta farka, ban da Alhamis da Juma'a. Me yake yi a lokacin? Abarshi ya rantse ba ya komai, zaman ƙofar gida kawai.

Ladi ta ja mayafi ta rufe baki, dariya na cinta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ai lokacin ne 'yarsu Lailatu ke dawowa daga Islamiyya ta durƙusa ta gaishe shi. Lailatu 'yar fari ce, don haka bawan Allahn nan, saboda alkunya, bai taɓa ɗaukarta ba, ko sunanta ba ya kamawa. Gefe yake kallo ya amsa gaisuwar. Ashe duk shekarun nan hannun so yake ya dafa kanta.

Kunya ta rufe Abarshi, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Baba, wayoyin nan ba za mu cire su ba," in ji likita. "Amma abin da hannun ke so, ka bar shi ya yi."

Ranar Asabar da yarinyar ta durƙusa, ya sa hagu ya ɗago damar, ya aza mata a ka. Hannun ya fara zamewa, ta yi maza ta riƙe shi da hannu biyu.

"Lailatu," ya ce.

Ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta.