Kwaɗin da Aka Kai wa Mai Unguwa Kiheiji

A shekarar da hukumar birnin Edo ta hana buga hotunan ’yan wasa da duk wani zane mai taɓa manya, masu zane sai suka koma kan dabbobi. Kiheiji, mai unguwar Horidome, shi ne watan duba zane ya faɗo a kansa. Ba a sassaƙa zane a katakon buga hoto sai da hatiminsa, in kuma daga baya aka gano habaici a ciki, shi za a fara kira. Takwaransa na unguwar gabas ya taɓa sa hatimi a hoton kifaye, ashe fuskokin mutane ne, aka tuɓe shi.

Wata safiya Rihei, mai shagon buga hotuna, ya shigo ya durƙusa, ya shimfiɗa masa siririyar takarda. Zanen tawada ne, ba launi tukuna: kwaɗi tara a cikin ruwan sama, kowanne ya fake ƙarƙashin ganyen bado. Kiheiji ya san zane, shekara talatin yana tara hotuna a akwati, kallo ɗaya ya gane hannu ne mai kyau. Abin da bai kwanta masa ba shi ne yawan murmushin Rihei. Ya ce a bar masa takardar.

Kwana uku yana fama da ita. Ya ƙirga kwaɗin, ya ƙirga manyan gari, lissafin bai zo ɗaya ba. Ya bi ɗigon bayansu ko zai ga tambarin wani gida. Ya juya takardar ƙasa a sama, ya ɗaga ta a rana. Bai ga komai ba, rashin ganin kuma ya fi tayar masa da hankali.

Rana ta uku matarsa Otaki ta kawo masa shinkafa da gasasshen kifi, ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa tabarma. Ya tambaye ta wa ta gani. Ta nuna wani ƙaton kwaɗo da ya ware gefe guda, ido ɗaya a kanne, leɓen ƙasa a sake.

“Maigida, ai kai ne. Haka kake zama in an kawo maka takarda.”

Ya ce mata shirme take yi, amma bai gama cin abincin ba ya ɗauki laima ya nufi shagon Rihei. Ya ajiye zanen, ya ɗora yatsa kan ƙaton, ya tambaya wa aka zana.

“Ranka ya daɗe, kwaɗo ne,” in ji Rihei, fuskarsa ba yabo ba fallasa. “Ko ya yi maka kama da wani? Faɗa mini sunansa, yanzu in yaga.”

Kiheiji ya janye yatsansa daga kan kwaɗon. In ya hana, dole ya rubuta wa ofishin alƙalin gari dalili, kuma ya san yadda magatakarda za su riƙa miƙa wa juna takardar mai unguwar da ya ga kansa a jikin kwaɗo. Ya ciro hatimi ya buga, ya fita ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Bayan wata guda hoton ya fito. Kiheiji ya bi ta gaban shagon da niyyar wucewa, sai ya tsaya. Masassaƙin ya fitar da zaren ruwan sama siriri kamar gashi, layi biyu suna giftawa, babu wanda ya karye. Mai bugu ya sa shuɗi ya yi duhu a sama, ya riƙa sanyi har ya narke cikin farin takarda. Kiheiji ya shafa bayan takardar ya ji inda launi ya ratsa. Ƙaton kwaɗon ma, da aka yi masa kore mai ruwan toka, ya fi sauran rai. Kiheiji ya daɗe bai ga aiki irin wannan ba, kuma ya ji haushin hakan.

Hoton ya karɓu, hukuma ba ta kira kowa ba. Amma shi ya shiga karantar fuskoki. Mai awara ya gaishe shi da fara’a, ya yini yana tunanin fara’ar. A gidan wanka mutum biyu suka yi shiru da ya shigo, bai san ko hirarsu ce ta ƙare ba.

Daga ƙarshe ya sayi biyu, ya adana ɗaya, ɗayan ya aika wa ƙanensa a garin Odawara, mutumin da tun suna yara ba ya barin zolaya ta wuce shi. Bai rubuta komai a kai ba. Amsa ta zo bayan kwana goma sha biyu, shafi biyu cur, duk yabon ruwan saman da shuɗin, da tambayar sunan masassaƙin. Kwaɗin ko sau ɗaya bai ambace su ba. Kiheiji ya karanta wasiƙar sau uku, sannan ya miƙa wa Otaki, ya ce ta karanta a hankali ta gaya masa ko yaron nan dariya yake yi masa.